Mashigin da Aka Ajiye Is'haƙa

…kuma ai ba shi ya roƙa ba, su suka zo. Su Kalilu, samarin gari, suka iske shi gindin darbejiyar nan, suka ce Baba Labbo, kai ka yi yaƙin basasa, shirya mu, 'yan bindiga sun hana mu noma. To mi zai ce? Tsohon kofur, an tuna da shi da furfura. Wallahi daɗi ya ji. Daɗi! Yau abin kunya yake ba shi.

Hajo ta ajiye fura gabanshi, ba ta dube shi ba. Ɗiyarshi, cikin takaba, ga ciki ya tsufa. Da ma zaginshi take yi…

Ya raba samarin yadda aka raba bataliyarsu a bakin ruwan Anaca — sashe-sashe, kowane da shugaba, kowane da wurin tsayuwa. Waɗanga hanyar garin Isa, waɗancan bayan makabarta. Mashigin gulbi kuwa sai mai zuciya, sai Is'haƙa, mijin Hajo. Don kar a ce ya ɓoye surukinshi. Don kar a ce! Bakin mutane ya ji ma tsoro, tsoho da shi.

Can wurin yaƙi, ruwan sama cikin rami, ƙafa ta ruɓe cikin takalmi, saje yana tsawa: soja ba ya barin wurinshi sai an ce ya bari. Maganar nan ya haddace, ita ya zuba ma samarin. Sauran suna dariya, suna kwaikwayon ɗingishinshi. Is'haƙa ne kaɗai ba ya dariya. Yaron ga ko carbinka ka ba shi ajiya, yana nan sai ka dawo.

Da baburan 'yan bindiga suka ɓullo da hantsi, kowa ya ga yawansu, kowa ya shige gero, kuma sun yi daidai. Is'haƙa kaɗai ya tsaya — da bindigar toka. Nan suka kashe shi.

Ga Kalilu can bakin zaure tun ɗazu, ya kasa shigowa, ya kasa tafiya. Daga ƙarshe ya ce, "Baba, mashigi ba kowa. Wa za ka sa?"

Wa zai sa… ɗan wa?

Ai su ma sun ja da baya a Anaca, ba sau ɗaya ba. In ba haka ba, ina zai kai yau? Usur ne ake busawa, hafsa ke busa shi, su nasu su ji su tashi. Shi kofur ne, bai taɓa riƙa usur ba, bai taɓa tambayar kanshi daga bakin wa yake fitowa ba. Ya naɗa mai gadi, ya naɗa mai kai ruwa, har mai tada mutane sallah ya naɗa…

Wanda zai ce ma Is'haƙa taso — wa ya naɗa?

Kalilu yana jira. Bakin Labbo a buɗe, ba suna ko ɗaya cikinshi.