Cibiyar Keken Likita

Ranar da zan sallami Baba daga shago, ranar na haɗa wa 'yata wilin gaban kekenta.

Ni da Yaya muka yanke shawarar, kada in ɗora mata ita kaɗai. Idon Baba ya tafi, sai dishi-dishi. Sau biyu a wata ɗaya ya yi tuntuɓe da famfon iska, na biyun har da fasa goshi. Shagon gyaran keken nasa ne tun kafin a haife ni, amma shekara goma ke nan ni kaɗai nake riƙe da sifana, shi yana bakin ƙofa a kan benci yana shafa ƙarafa. Da safe Yaya ta kira ni ta ce, "Kai kake tare da shi, kai za ka gaya masa ya zauna a gida. Yau fa, ba gobe ba." Ta kashe wayar. Haka take, ta kunna wuta ta koma gefe.

Na rasa ta inda zan fara, sai na fake da aiki. 'Yata, wadda muke ce wa Likita saboda tana koyon aikin jinya, ta kwana biyu tana ƙorafi wilinta na gaba yana rawa. Cibiyar ce ta cinye, wato ƙarfen nan na tsakiya da wili yake juyawa a kansa. Jiya na samo tsofaffi guda biyu iri ɗaya a wajen mai kayan kwance, masu nauyi, ƙarfen da can da ba a yin irinsa yanzu. Na wanke ɗaya da kananzir, na zuba sababbin boris, 'yan ƙwallayen ƙarfen nan, goma-goma, na cika giris, na ɗaure wayoyin wilin. Da na juya wilin, ko ƙara babu. Har na yaba wa kaina.

Likita ta zo da farar rigarta tana sauri. Baba ya ce, "Amarya, yau ma babu allurar da za a yi wa miji?"

"Tsohon miji sai magani mai ɗaci, Kaka," ta ce. Ta hau ta tafi tana dariya.

To, yanzu babu sauran abin fakewa. Na goge hannu, na jawo gwangwani na zauna kusa da shi. Na ce, "Baba, akwai maganar da nake so mu yi."

Bai ko juyo ba. Hannunsa ya riga ya kai kan ɗaya cibiyar da na bari a kan tebur. Ya auna nauyinta, ya bi ta da babban yatsa daga wannan kai zuwa wancan, ya tsaya.

"Irin wannan ka sa wa yarinyar?"

"'Yar'uwarta ce. Baba, maganar da nake..."

"Babu notin kulle a jikinta. Kwan nan biyu masu danne boris, ɗaya kewayayye ne, ɗayan yana da gefen da sifana take kamawa. Mai gefen, wane ɓangare ka sa shi?"

Raina ya fara ɓaci. Shekara talatin ina wannan aiki, a tambaye ni yadda ake sa wilin gaba? Na ce, "Ɓangaren kaca mana, dama. Ai wilin gaba ba shi da hagu da dama."

"Wannan yana da shi," ya ce, muryarsa ta canja. "Mai gefe hagu ake sa shi. In ka sa shi dama, duk juyin da wili ya yi ƙara ɗaure shi yake, har ya maƙure boris ya tsaya cak. Tashi, sarkin gaggawa! Ta wace hanya take bi?"

Innalillahi. Ya taɓa gaya min, wallahi ya taɓa, tun ina saurayi, ta nan kunnen ya shiga ta can ya fita. Hanyar asibitinsu kuwa gangara ce mai tsawo, a ƙasanta mahaɗar da manyan motoci suke wucewa. Na cusa sifana biyu a aljihu, na fizgi keken wani da na gama yi wa faci, ban ma duba ko akwai birki ba.

Ban san ina da sauran ƙarfi irin wannan ba. Na ratsa ta bayan masu katako, na kusa kwashe wata mai tallan lemo, ta bi ni da zagi, kuma ta yi daidai. Daga nesa na hango farar riga tana gab da kan gangara, ta miƙe tsaye a kan feda tana dannawa da ƙyar. Na ƙwalla ihu, "Likita! Ke! Tsaya!" Sai a na uku ta waiwayo.

"Abba, lafiya? Keken nan naka nauyi yake yi, na zaci ƙafata ce. Na ce bari in kai gangara in sake shi in huta."

Na taɓa cibiyar, zafi kamar gindin tukunya. Na ɗaga gaban na juya wilin, bai yi rabin zagaye ba ya tsaya. Sai na zauna a bakin kwata ina kallon motocin da suke wucewa a ƙasa. Daga baya na gwada birkin keken da na zo da shi na ba ta, na sassauta cibiyar nata, na turo shi da ƙafa har shago.

Baba yana tsaye a bakin ƙofa ya dafa bango. Ya ji takuna ya ce, "Ka same ta?"

"Na same ta, Baba."

Ya ce alhamdulillahi sau uku, ya lalubi bencinsa. Bai yi min faɗa ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi. Ya sa na kwance cibiyar na zuba masa boris a tafin hannu, ya mirza su ɗaya-ɗaya ya ware huɗu da suka ƙwarzane. Ya bi cikin kofin da boris suke zama da farce ya ce bai ji rami ba, za ta yi shekaru in ana ba ta giris. Na haɗa, na sa mai gefe a hagu, ya sa hannu ya tabbatar.

Sannan ya ce, "Maganar da kake so mu yi, na ji yayarka a waya. Ido ne ya tafi, kunne yana nan. Jawo buhun da ke ƙarƙashin tebur."

Na jawo na zazzage. Tsofaffin cibiyoyi ne da muka tara shekara da shekaru, amma yanzu yawancinsu da zare a ɗaure a jikinsu.

Ya ce, "Tun ranar da na fasa goshi na san za ku ce in zauna, shi ne na fara. Ƙulli ɗaya, lafiya lau. Biyu, a canja kwan. Uku, irin ta yau ce, ka kula da hagu. Marar zare ka zubar. Ga wani buhun can ban kai gare shi ba, ka ba ni sati ɗaya kawai."

Ni da na kwana ina shirya yadda zan kore shi, shi yana zaune yana ƙulla min zare kada in kashe 'ya'yan mutane. Na durƙusa na kama hannun nan nasa mai giris na ce, "Na gode, Baba. Allah Ya saka maka. Wallahi babu inda za ka. Famfon ne zai bar hanya, ni zan riƙa kawo ka in mayar da kai. Yaya kuma ka bar ni da ita."

Na ga yana goge ido da bayan hannu, ya ce warin kananzir ne.

"To sake min hannu," ya ce. "Miƙo min zaren."