Ganye Mai Huji

"Gwaza ce," in ji Kaka. "Saurayin naki gwaza ya dasa miki a tukunya, ke kuma kina ta rawar kai."

"Kaka, gwaza ba ta hawa sanda."

"Ta zamani tana hawa. Ni dai kakanki zobe ya ba ni."

Na ci gaba da juya almakashi a hannuna. Malamin lissafi na makarantar da nake aikin laburare ne ya ba ni shukar, ranar da ya ce yana sona. Ya faɗi sunanta, amma a lokacin kunnuwana ba sa jin komai sai bugun ƙirjina. Maganarsa ta ƙarshe kawai na riƙe. Ya ce an yi masa tayin canjin wurin aiki, amma in shukar ta zauna a hannuna, shi ma zai zauna.

Da dariya ya faɗa. Ni kuwa zuciyata ba ta san wasa ba a irin wannan magana.

Da farko ganyenta sumul, kore shar, sai sheƙi. Sai wani sabo ya fito da huji-huji, gefensa a tsattsage. Na ce tsutsa ce. Na yanke shi, na fesa magani. Na biyu ya fito ya fi na farko muni, shi ma na yanke. Tun daga nan na fara gudun malamin. In na hango shi a baranda, garin alli a hannun rigarsa, sai in maƙale bayan kantar ƙamus. Ga ƙarshen zango ya matso, dole ya ba shugaban makaranta amsa.

Yaya ta shigo daga asibiti, ko takalmi ba ta cire ba, ta gan ni tsugune gaban ganye na uku.

"Auta, aski kike mata?"

Na ba ta labari. Ta ɗauki hoton ganyen da wayarta, ta zauna a hannun kujera tana dannawa.

"Monstera sunanta. Kamar maganin tari." Ta ƙara karantawa, sai ta ɗago ta dube ni. "Auta, ba tsutsa ba ce. An ce in ta samu haske da ruwa yadda take so, ta fara girma, haka ganyenta ke tsagewa. Daɗi take ji."

"To, kin ji," in ji Kaka. "Abu yana miki murmushi, kina cire masa haƙora."

Na ajiye almakashin a ƙasa. Hasken taga ya ratso ta hujin ganyen, ya sauka a bayan hannuna. Na yi dariya, dariyar ta koma kuka.

Kaka ta jawo ni jikinta, ta share mini fuska da gefen mayafinta. "Shi yaron ya san dalilin da kike gudunsa?"

"Yana tsammanin ba na sonsa ne."

"Allah sarki. In ba kya so ki bar mini, ni ma ina son mai lissafi."

"Ki nemi naki, tsohuwa." Na ja majina, na gyara zama. "Gobe kafin a kaɗa ƙararrawa zan same shi a ɗakin malamai. Zan ce masa kada ya karɓi canjin nan."