Dutsen Idrisa

Kafin Yamai ta haɗiye ƙauyenmu, akwai wani gawo a bakin kogi, ƙarƙashinsa duwatsu goma sha ɗaya na zaman taro, kowane maigida da nasa. Wanda dutsensa ya fi kusa da gindin gawon shi ke fara magana, ko maigari ne ya zo sai ya jira. Na tsoho Idrisa ne a gindi. Duk wanda ya ce ya fi ni sanin wannan ƙarya yake, don cikin masu duwatsun ni kaɗai na rage.

Shekara biyu da samun mulkin kai aka ja hanyar mota ta wurin. Aka sare gawon, kamiyo, babbar motar kaya, ya kwashe duwatsu goma. Idrisa ya riga masu aikin, ya ɗora nasa bisa jaki.

Taro ya koma ƙofar shagon Halidu tela, saboda yana da rediyo. Idrisa ya je sau biyu, ya buɗe baki, ba wanda ya saurara masa. Rana ta uku sai ga shi da jakinsa, ya sauke dutsen daidai bakin ƙofa.

"Fofo, Baba," in ji Halidu, yana gaishe shi da Zabarmanci, "ga kujera mana."

"Kujerarka ce, ɗana. Wanda ya hau kujerar wani, sai mai ita ya gama magana."

Ya zauna bisa dutsensa, ya gyara murya. Halidu ya dubi jama'a, ya miƙa hannu ya kashe rediyon.