Suruki a Bayan Rumfa

Barci ya ƙaurace wa Muntari a daren da zai wayi gari ya yi jawabi a babban taron reshen jam'iyyarsu. An ɗauke wuta a unguwarsu ta Alsahafa a Khartum tun da magariba, shi da matarsa Asma'u suka fito da gadajen igiya tsakar gida. Ita ta yi barcinta, shi kuwa ya kwanta yana kallon sama, tambaya guda tana kai-komo a ransa: da wane baki zai tsaya gaban surukinsa, a bainar jama'a, ya ce masa bai cika alkawari ba?

Surukin nasa, Alhaji Salih, shi ne shugaban reshen, wanda ya haɗa mutanensu na Khartum da na Umdurman. Alkawarin kuwa a gaɓar kogi ta unguwar Aljirif aka yi shi, shekarar da Nilu ya tumbatsa har ya cinye wuraren ƙona bulo. Matasan jam'iyya ne suka yi gayya, suna cika buhuna da ƙasa suna tare ruwa har tafukan hannayensu suka saɓule. Alhaji Salih ya zo da jallabiyarsa a naɗe zuwa gwiwa, ya tsaya cikin taɓo, ya ce kafin wata daminar matasa za su sami kujeru a kwamitin reshe, da ƙuri'a irin ta kowa. Damina ta zo ta wuce, matasa suna nan inda suke. Su ke kafa rumfa, su jera kujeru, su raba ruwan sha, idan an zo yanke shawara kuma a ce su ɗan ba dattawa wuri.

Da suka zauna zaɓen wanda zai tuna wa kwamiti wannan magana, Hanadi, ɗalibar jami'a da ke jagorantar matasan, ta nuna Muntari, ta yi masa kiran nan na Larabcin Sudan, "ya zol", wato "mutumina". "Kai mijin 'yarsa ne, ya zol. Idan bai saurare ka ba, wa zai saurara?" Kowa ya tafa. Yawancinsu da Larabci suka tashi, Hausarsu ta gaisuwa ce da ta kiran sunan abinci, don haka gani suke surukuta wata ƙofa ce a buɗe. Muntari kuwa a hannun kakarsa ya girma, tsohuwar da ta ƙarar da ƙuruciyarta a gonakin audugar Jazira ba ta yar da ko ɗaya daga cikin al'adun da iyayenta suka zo da su ba. Tun da aka ɗaura masa aure bai taɓa cin abinci a gaban Alhaji ba, bai taɓa furta sunansa ba, bai taɓa ɗaga ido ya dube shi ba. Daga nesa yake tuɓe takalmi ya durƙusa. Ya so ya yi musu bayani a ranar, amma Hanadi ta riga shi da cewa idan wannan taro ya tashi ba a yi maganar kujerun ba, ita da sauran matasan sun bar jam'iyyar ke nan. Sai ya haɗiye abin da ke bakinsa.

Bayan sallar asuba Asma'u ta kawo masa shayi da madara, ta tsaya tana dubansa.

"Ustaz, ka kusa tsinka igiyar gadon nan da juye-juye. Baba za ka yi wa jawabi ko kuwa yaƙi za ka?"

"Yaƙin ai ya fi sauƙi," in ji shi. "Ya san ni aka zaɓa?"

"Akwai abin da ake yi a reshen nan bai sani ba? Shekaranjiya da na je Umdurman har tambayata ya yi ko kana iya cin abinci kwanan nan."

"Me kika ce masa?"

"Na ce kana ci kamar mai jinya. Ya yi dariya har ya ƙware."

Muntari bai ga abin dariya ba. A cikin motar haya, suna tsallaka gadar Farin Nilu, ya yanke wa kansa hukunci. Zai gode wa dattawa, ya yi magana a kan muhimmancin matasa gaba ɗaya, irin maganar da ba ta taɓa kowa, ya tsallake zancen Aljirif. Ya san abin da hakan ke nufi. Ya karanci shari'a a jami'a, ya san bambancin faɗar gaskiya da kewaye ta, kuma ya san Hanadi ma ta sani. Amma duk lokacin da ya hasko kansa yana cewa shugaban reshe ya saɓa, Alhaji na zaune gab da shi da farin rawaninsa, sai ya ji harshensa ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse.

A wani fili na wata unguwa a Umdurman aka kafa rumfar, irin ta zane mai kauri da ake kafawa a biki da zaman makoki, an kewaye ta da labule ja da kore har ƙasa. Almahdi, abokinsa bakanike daga Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, yana fama da wayoyi. Lasifika ɗaya ta ƙi tashi, ɗayar ya ɗora ta a kan sanda kusa da teburin masu magana.

"Ga angon siyasa!" in ji Almahdi. "Yau za mu ga ko za ka yi jawabin a durƙushe."

"Ka ji da wayoyinka, kada ka ƙone mu."

"Ni dai na ce a shimfiɗa maka tabarma gaban Baba Alhaji, mu sauke maka makirfon ƙasa. Halas, shi ke nan, an raba gardama."

Hanadi ta harare shi, ta juyo wurin Muntari. "Tamam? Komai daidai?" Ya gyaɗa kai, bai yarda sun haɗa ido ba.

Da la'asar sakaliya dattawa suka iso. Alhaji Salih na gaba, dogo, ya ɗan ranƙwafa, sanye da markub, jan takalmin fata da ba a taɓa ganinsa da waninsa ba. Yana tafe yana karkata kansa ga mai yi masa magana, domin kunnensa na hagu ya daɗe da yin rauni. Muntari ya zame bayan wata sanda ya durƙusa. Alhaji ya wuce kamar bai gan shi ba, wanda shi ma wani ɓangare ne na kunyar da ke tsakaninsu.

Aka yi fatiha. Alhaji ya miƙe, kowa ya gyara zama yana jiran dogon jawabin da aka saba. Sai ya ce:

"'Yan'uwa, tsarin jam'iyyarmu ya yarda shugaban reshe ya ba wani ɗan jam'iyya kujerarsa ya jagoranci zama. Ban taɓa amfani da wannan ba, yau zan yi. Hanadi, 'yata, taso ki zauna nan."

Malam Jatau, mataimakinsa, ya ja gefen jallabiyarsa. "Alhaji, yarinyar da aka yi sunanta a gabanmu?"

"To ai mun san asalinta ke nan, Jatau," in ji Alhaji, aka fashe da dariya. Ya jira dariyar ta lafa, sannan ya ci gaba. "Ni ƙafafuna sun kumbura, kuma na ji ƙanshin gahawar jabana a waje, zan je in sha. Amma ku ji da kyau. Duk abin da matasa suka kawo yau, daidai yake da an faɗe shi a gabana, kuma kwamiti zai kaɗa ƙuri'a a kansa kafin magariba, a nan, kowa na gani. Jatau na riƙe da tawa ƙuri'ar, na riga na gaya masa inda za ta."

Malam Jatau ya kawar da kai yana gunaguni, amma bai musa ba. Alhaji ya sunkuya ya ɗauki wata kujerar roba. Samari suka yunƙuro za su karɓa, ya ɗaga musu hannu. "Kun daɗe kuna ɗaukar mana, ku bar ni da wannan." Ya ratsa tsakiyar jama'a da kujerarsa, ya ɗaga labule ya fita.

Mutane suka shiga raɗe-raɗi, wasu na cewa tsufa ne, wasu na cewa fushi ya yi. Muntari kaɗai ya gane. Ƙafafun Alhaji ba su kumbura ba, da su ya tako daga gida. Dattijon ya san cewa muddin yana zaune a teburin nan akwai bakin da ba zai buɗu ba. Ba zai iya ce wa surukinsa ya saki jiki ba, don faɗin hakan ma keta kunyar ne, kuma bai nemi matasa su sauya wanda suka zaɓa ba, don zaɓinsu ne. Sai ya ɗauke kansa. Muntari ya daɗe yana kallon labulen da ke ta motsi bayan fitar mutumin.

Hanadi ta zauna a bakin kujerar shugaba kamar mai tsoron kada ta karye. Ta kira masu rahoto suka yi, ta katse wani dattijo da ya zarce lokacinsa, ta ba shi haƙuri da "Kawu" har sau biyu, ya zauna yana murmushi. Daga nan ta ce, "Wakilin matasa, Ustaz Muntari."

Ya miƙe ya nufi teburin. Hanya ta buɗe masa yanzu, zai iya faɗin komai ba tare da idon Alhaji a kansa ba. Yana isa gaban makirfon, idonsa ya sauka a gindin labulen da ke bayan teburin, inda zanen bai kai ƙasa sosai ba. Ga ƙafafun kujerar roba a waje, manne da rumfar. Ga jan markub guda biyu a jere, kusa da su ɗan kofin jabana da ba a taɓa ba. Alhaji bai je wurin mai shayi ba. Zagayowa ya yi ya zauna inda zai ji komai ba tare da an gan shi ba, kuma yadda takalman suka fuskanta ya nuna kunnen dama ya juyo wa labulen.

Nauyin nan ya dawo wa harshen Muntari. Jawabin da ya shirya a kan gada yana nan a bakinsa, mai santsi, wanda ba zai ɓata wa kowa ba. Amma ya dubi takalman nan ya ga cewa mutumin da ya bar kujerarsa, ya ɗauki ta roba da hannunsa, ya zauna cikin rana a bayan rumfa, ba don ya ji godiya ya yi hakan ba. Idan ya kewaye maganar yanzu, wahalar dattijon ta tashi a banza, kuma hakan ya fi rashin kunya muni.

Lasifikar tana fuskantar jama'a, ta ba labulen baya. Muntari ya miƙa hannu kamar mai gyara waya, ya kama sandar, ya murza ta a hankali har bakin lasifikar ya karkata rabi ga jama'a, rabi ga inda takalman suke. Almahdi ya buɗe baki zai yi magana, ya bi hannun da kallo zuwa gindin labulen, sai ya rufe bakinsa.

Muntari ya zare takalmansa ya ajiye su gefe, ya tsaya da ƙafa a kan ƙasa. Ya yi sallama, aka amsa. Sannan ya fara da gaɓar Aljirif.