Gyaran Folda Kafin Hutun Haihuwa

Ta ja wani fayil daga folda mai suna "tarkace" ta kai shi inda ya dace, nan take shafin shiga na manhajar ya koma fari fat. Ta mayar da shi, shafin ya dawo. Ta jingina da kujera tana shafa cikinta, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga.

Ita ta gina wa kamfanin manhajar sayar da magani ta intanet, ita kaɗai, cikin gaggawa. Duk abin da oga ya nema sai ta cusa shi inda ya samu wuri. Hotuna sun cakuɗe da shafuka, ga "sabo", ga "sabo na gaske", ga "kar a taɓa". Yanzu likita ya ce ta kwanta ta huta, oga kuwa ya ce hutu ba matsala, amma sai ta tsara fayilolin yadda Dogo, abokin aikinta, zai iya riƙewa.

Kwanaki ta yi tana rarrabewa: hotuna gefe guda, shafuka gefe guda, abin da ke magana da rumbun bayanai a nasa ɗakin. Kowane ta ɗaga sai wani ya karye. Dogo yana zaune kusa da ita yana gyaɗa kai, ta san ba ya ganewa. Ya ce cikin wasa gara a ba shi rainon jaririn, ita ta riƙe manhajar. Ba ta yi dariya ba.

Ranar da ta gama, oga ya duba, ya yaba, ya ce ta tafi, amma kada ta kashe waya.

Washegari tana kan bencin awo a asibiti da mahaifiyarta, wayar ta yi ƙara. Dogo ne. Masu saye sun kasa tura oda, kuma akwai masu jiran maganin hawan jini.

"Yaya, wace folda zan buɗe?"

Mahaifiyar ta harare ta. "Har da kwamfutar kika zo?"

Ta zaro ta daga jakar da ta sa katin asibiti, ta ɗora a kan gwiwa, cikin ya tokare ta. Nas ta leƙo ta kira ta.

"Ki shigar da ta bayana," ta ce, idonta a kan allo.