Gwiwar Sarkin Sauri

Shekara ashirin da bakwai yana sa wa mutane gwiwar ƙarfe, kuma duk asibitin ba likitan da ya kai shi gama aiki da wuri. Shi ya sa ake ce masa Sarkin Sauri, yana amsawa har da ɗaga kafaɗa. Yau ga shi shi ne kwance a gadon tiyata, cikin rigar nan mai buɗaɗɗen baya, an yi masa allura a gadon baya, ƙafafunsa kamar na aro. Ya ƙi yarda a sa shi barci, wai zai sa ido a kan aikin. Ido kuwa ba abin da yake gani sai koren ƙyallen da aka kare masa fuska da shi.

Tsohuwar ɗalibarsa ce ke yi masa aikin. A wannan aiki, bayan an yanke ƙashi, kafin a shafa simintin da zai riƙe ƙarfen, sai an wanke shi da injin feshi, an fitar da jini da maiƙon ɓargo daga 'yan ramukansa, an tsane shi. In ba haka ba simintin ba ya kamawa, bayan 'yan shekaru ƙarfen ya fara girgiɗi. Ya san wannan sarai, a aji ma da bakinsa yake faɗa. Amma a ɗakin tiyata, lokacin da take ɗalibarsa, da ta ɗan jima tana feshi sai ya ce, "Ya isa haka, ba labule kike wankewa ba." Ma'aikata su yi dariya, ita kuma ta ajiye injin.

Ya ji ƙarar zarto, bai damu ba. Da injin feshi ya fara, sai ya tsinci kansa yana ƙirga daƙiƙa. Yana kai arba'in injin ya yi shiru.

Nan take ya tuna wani tela da ya dawo masa bayan shekara huɗu yana dogara sanda, gwiwa na motsi, shi kuwa ya ɗora wa ƙibar mutumin laifi. Telan nan ko naman kirki ba shi da shi. Tsoro ya kama shi, kunya ta biyo baya.

Ya gyara murya. "Dakta, har an gama wankin?"

"Ruwa ne ya ƙare, Malam, ana sauya leda," in ji ta daga bayan ƙyallen. "Amma in ka ce ya isa, sai a kwaɓa siminti. Kai ne babba."

Mai allurar barci, wanda suka yi shekara goma sha biyar tare, ya sunkuyo yana kallonsa, dariya fal idonsa. Sarkin Sauri ya nemi wata dabara ta likitanci da zai fake da ita, ya ce ƙashin tsofaffi daban ne ko wani abu makamancin haka. Sai ya tuna rabin waɗanda ya yi wa aiki sun girme shi.

"'Yata," ya ce a hankali, "yi yadda kike yi in ba na wurin."

"To, Malam."

Injin ya tashi, bai tsaya ba sai bayan minti huɗu. Yana kwance ya ƙirga su daƙiƙa ɗaya-ɗaya, kuma bai ga sun yi yawa ba.