Garahunin Hawa na Uku

Kuwabara Shinji bai daɗe da zama shugaban ƙungiyar mazauna benen ba aka kawo masa tsegumin Tsuruoka Fumie. Wai tsohuwar da ta tare a hawa na uku tana hira da mutanen nesa ta rediyo, alhali dokar gidan ta hana kafa eriya a baranda ko kan rufi. Ya tsaya a farfajiya ya ɗaga kai. Bai ga komai ba sai garahuni da ya yaɗu ya rufe barandar, kore shar, irin wanda rabin mutanen birnin Sendai ke shukawa don inuwa.

Ya hau ya ƙwanƙwasa. Ta zuba masa shayin sha'ir mai sanyi, ta zaunar da shi dab da akwatin rediyon, ko rufe shi ba ta yi ba. Ta ce tun tana budurwa ta karɓi lasisi, har hasumiyar ƙarfe ta eriya gare ta a ƙauye kafin ciwon gwiwa ya sa ɗanta ya dawo da ita birni.

Kuwabara ya fita barandar. Sai da ya cusa hannu cikin ganye ya gane ɗaya daga igiyoyin ragar da garahunin ke hawa siririyar wayar eriya ce, an shafa mata koren fenti an bi da ita jikin gora. Ba ta huda bango ba, ba kuma abin da iska za ta jefo kan mai wucewa. Shi da ya ƙare rayuwarsa a aikin lantarki, ya bi wayar da yatsa har ƙarshe bai sami wurin gyara ba. Yana tsaye wata murya ta taso daga akwatin, wani masunci ne daga tsibirin Hokkaido yana tambayar ya gwiwa. Ta amsa masa tana dariya kamar yarinya.

"Malama Tsuruoka, sanyi na tafe fa. Ganyen nan bushewa zai yi."

"Na sani, Shugaba. Ina nan ina dabara."

A taron ƙungiya ya nemi a sassauta dokar ga wayar da ba ta taɓa bango ba. Aka kayar da shi, har wani ya ce tsufa ya fara taɓa shi. Abin ya yi masa ciwo, amma bai ambaci sunan kowa ba.

Da ganyen ya fara bushewa, ya sake hawa, rungume da kwandon manyan kanya da ya fere da kansa. Ya tarar ta riga shi: ta jera nata a zare, sun sauko sun rufe wayar, tana shanya su kamar kowace tsohuwa a unguwar. Ta ɗauki ɗaya daga nasa ta jujjuya.

"Wannan fira ce ko sassaƙa? Zauna in nuna maka."

Ya zauna, ta miƙo masa wuƙa.